Lexus LX 600 ko Range Rover: Wace ce motar iyali a hanyoyinmu?

A watan Oktoban 2021, mako biyu kacal tsakani, kamfanoni biyu suka fito da motocin da har yau suke raba kan masu hannu da shuni daga Dubai zuwa Abuja. A tsakiyar watan Lexus ta yaye lulluɓin LX 600, kuma a ƙasashen Larabawa na yankin Gulf ta yi bikin, inda manyan masu sayenta suke, inda kuma rairayi da zafin rana suke gwada ƙarfin mota. Ranar 26 ga watan, Land Rover ta nuna sabuwar Range Rover a babban zauren Royal Opera House da ke Landan, a gaban 'yan ƙwalisa da masu ɗaukar hoto. Wuraren da suka zaɓa kaɗai sun isa su nuna wa mai lura inda kowace ta dosa.

A nan gida, wanda ke tsaka mai wuya tsakanin motocin biyu yawanci magidanci ne da Allah ya buɗa wa: ɗan kasuwa, ko ɗan kwangila, ko babban ma'aikaci, ko mai riƙe da sarauta. Yana son mota guda da za ta kai shi ofis ranar Litinin, ta kai shi ɗaurin aure ranar Asabar ba tare da an tambayi wane ne ya zo ba, sannan idan Sallah ta ƙarato ta kwashe uwargida da yara da kayan tsaraba zuwa garinsu. Kuɗin saye ba shi ne damuwarsa ba. Abin da yake nema shi ne kada ya zuba ɗaruruwan miliyoyi ya sayo wa kansa ciwon kai.

Asali ba ɗaya ba

Lexus LX jinin Land Cruiser ce. Toyota ta kafa Lexus a 1989 don ta yi gogayya da motocin alfarma na Jamus a kasuwar Amurka, kuma da ta tashi yin babbar jif a tsakiyar shekarun 1990 ba ta je nesa ba: Land Cruiser ta ɗauko, ta yi mata kujerun fata da katako, ta kira ta LX 450. Haka aka yi ta tafiya, daga LX 470 zuwa LX 570 wadda ta shafe shekara 14 tana kasuwa, har zuwa LX 600 da ke zaune a kan shasi ɗaya da Land Cruiser 300. A Japan ake ƙera su, a masana'anta guda. Ginin nata irin na manyan motocin aiki ne: shasin ƙarfe daban, sannan a ɗora bodi a kansa. Tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya, mita 2.85, ba ta sauya ba tun zamanin Land Cruiser 80, domin injiniyoyin Toyota sun yi imani da cewa wannan ne ma'aunin da ya fi dacewa da muguwar hanya.

Range Rover kuwa tun 1970 take, kuma ita ce ta koya wa duniya cewa motar shiga daji ma tana iya zama ta sarakuna. A Solihull ta ƙasar Ingila ake haɗa ta, kodayake tun 2008 kamfanin yana hannun Tata Motors na Indiya, wanda ya saye shi daga Ford. Wannan ita ce zubi na biyar. Ba ta da shasi daban. Bodin da ƙashin bayan abu ɗaya ne, mafi yawansa alminiyam, kuma a kan jakunkunan iska take zaune a maimakon sifirin na ƙarfe. Wannan bambancin gini shi ne tushen kusan duk abin da mai saye zai ji daɗinsa ko ya yi kuka da shi daga baya.

Ƙarƙashin bonet

Masoyan LX 570 da dama sun ɓata rai da suka ji an ajiye injin nan mai silinda takwas, mai lita 5.7. An maye gurbinsa da mai silinda shida, kusan lita 3.5, da turbo biyu. A takarda dai sabon ya fi: ƙarfin doki 409, inda tsohon yake da 383, ga giya goma, ga shi an rage wa motar nauyin kusan kilo 200. Tana tashi da sauƙi, tana jan kaya ba tare da nishi ba.

Range Rover ta fi ba da zaɓi. Akwai mai silinda shida ta fetur, akwai ta dizal, akwai mai haɗa fetur da lantarki, sai kuma P530, mai silinda takwas da lita 4.4, injin da BMW ke ƙera musu. Ƙarfinta ya haura doki 520, kuma daga tsaye tana kai gudun kilomita 100 cikin ƙasa da daƙiƙa biyar, inda Lexus ke buƙatar kusan bakwai. Idan tsere ake yi, babu gardama. Sai dai da wuya a sami magidancin da ya ɗauko iyalinsa a baya yana lissafin daƙiƙa.

Inda Range take kere wa abokiyar hamayyarta da gaske shi ne laushin tafiya. Mutum ya rufe ƙofa, hayaniyar titi ta ɗauke. Ƙananan gargada ba sa isowa ga kujera. Tayoyinta na baya ma suna ɗan juyawa tare da na gaba, shi ya sa duk girmanta, gajeriyar sigarta take iya juya kai a fili ƙasa da mita 11, abin da direban da ke shiga lungunan cikin birni ko cunkoson bakin masallacin Juma'a zai yaba. Lexus ma tana da laushi, tana kuma da na'urar ɗaga jiki da sauke shi, amma a kan hanya mai rawani ana jin cewa ƙarfe ne a ƙasa. Wanda ya saba zama a kusurwar mai gida yana duba takardu zai gane bambancin tun kafin a bar unguwa.

Ina yara za su zauna?

A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure, domin suna ɗauka duk babbar jif mai kujera bakwai tana ɗaukar mutum bakwai da kayansu. Ba haka abin yake ba.

A LX 600, layin kujeru na uku yana ninkewa ya shige ƙasa da danna maɓalli, ba kamar na 570 da ake jinginewa a gefe ba. Wannan ci gaba ne. Amma saboda shasi da ƙaton ƙarfen tayoyin baya suna ƙarƙashinsa, daɓen wajen ya yi tudu. Babban mutum idan ya zauna sai ka ga gwiwoyinsa sun doshi ƙirji. Yara 'yan firamare za su zauna lafiya, amma a sa goggo ko matashi mai tsawo a can daga Abuja zuwa Katsina zalunci ne. Idan kuma aka ɗaga kujerun, abin da ya rage a but bai wuce wajen ƙananan jakunkuna biyu ko uku ba. Buhun shinkafa da akwatunan Sallah sai dai a nemi wata motar ta biyo baya.

Range Rover ba ta taɓa yin kujera bakwai ba sai a wannan zubin, kuma a doguwar kawai ake samu. Tazarar tayoyinta ta kusa mita 3.2, wato ta fi ta Lexus da kusan santimita 35, kuma wannan ratar a ƙafafun fasinja take ƙarewa. Babba zai iya zama a layi na uku ya yi tafiyar sa'o'i ba tare da ya sauko yana ɗingishi ba. But ɗinta ma ba wani abin a zo a gani ba ne idan kujerun suna tsaye, sai dai ta riƙe ƙofar baya mai rabe biyu, wadda rabin ƙasanta ke zama benci idan an tsaya cin abinci ko alwala a hanya. Lexus ta yi watsi da wannan a LX 600.

Akwai kuma tarkon da ya kamata a sani. Mafi tsadar LX 600 kujera huɗu gare ta, biyun baya masu kwanciya da tausa. Gajeriyar Range kuma biyar ce. Dillali zai nuna maka su da alfahari, yana cewa ai wannan ce ta manya. Ta manya ce, amma ba ta iyali ba. Mai mata biyu da 'ya'ya takwas kuwa, gaskiya ita ce babu ɗaya a cikin motocin nan da za ta raba shi da bas.

Hanya, ƙura da taya

Dukansu an yi su don su bar kwalta. Range tana iya ratsa ruwa mai zurfin santimita 90, Lexus 70, kuma kowace tana da kwamfutar da ke daidaita ta da yashi, taɓo ko duwatsu. A wajen gwaji, Range ba ta jin kunya ko kaɗan. Amma hanyoyinmu ba gwajin yini ɗaya ba ne. Duka ne na kullum: ramin da ya ɓuya a cikin ruwan damina, gefen kwalta da ya zaizaye, kwanar da aka karkatar da motoci saboda aikin da ba ya ƙarewa. Hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 375, tun 2018 aka fara sake gina ta, kuma duk wanda ya bi ta a shekarun da suka biyo baya ya san abin da ƙafar mota ta sha.

A irin wannan yanayi taya ce farkon abin dubawa. Range takan zo da ƙafa mai inci 21 zuwa 23, Lexus kuma daga 18 zuwa 22. Gwargwadon girman ƙarfen, gwargwadon sirantar robar da ke kewaye da shi. Taya mai inci 23 tana da kyau a ƙofar otal, amma rami ɗaya a guje ya isa ya tsaga gefenta ko ya lanƙwasa ƙarfen, kuma mai faci na bakin hanya ba shi da maganin wannan. Wanda ya san zai riƙa fita gari, kowace ya saya, gara ya zaɓi ƙaramar ƙafa mai kaurin roba, ya kuma tabbatar da idonsa cewa safayar cikakkiya ce.

Sai ƙurar hunturu da zafin bazara, wanda a Sakkwato da Maiduguri yake haura digiri 40. Jakunkunan iska roba ne, kuma roba tana tsufa da wuri a zafi da ƙura. Ranar da ɗaya ta fara yoyo, ko famfon da ke hura su ya gaji, za a wayi gari a tarar da motar ta durƙusa a gefe ɗaya. Wannan ba laifin Range kaɗai ba ne, halin duk motar da ke kan iska ne. Na'urar ɗaga jikin Lexus da mai take aiki, ita ma tana lalacewa, amma makanikanmu sun daɗe da saninta tun zamanin LX 470.

Ranar da fitila ta kama

Duk motar zamani wata rana za ta kunna fitilar gargaɗi. Tambayar ita ce, a ina, kuma wa zai duba ta?

Idan Lexus ce, mai ita yana cin gajiyar shekaru da dama da Toyota ta yi tana mulkin hanyoyin ƙasar nan. Daga Ƙofar Ruwa a Kano zuwa Panteka a Kaduna, daga Apo a Abuja zuwa Ladipo a Legas, akwai masu kayan gyara da suka san Land Cruiser ciki da waje, kuma abubuwa da dama na LX 600, kamar matatar mai, takalmin birki da kayan ƙafa, dangin na Land Cruiser 300 ne. Range Rover tana da wakilinta a Najeriya, kamfanin Coscharis, akwai kuma garejin ƙwararru a Legas da Abuja. Amma da zarar an yi nisa da manyan birane, masu kwamfutar da za ta karanta ta, da masu ilimin fassara abin da kwamfutar ta faɗa, sai su yi ƙaranci. Wani ƙaramin abu da bai fi tafin hannu ba yana iya ajiye motar makonni ana jiran ya iso daga Ingila ko Dubai. Daga nan ne barkwancin dillalai ya samo asali, cewa Range ba ta zama ita kaɗai a gida, sai da wata motar a gefe.

Ba zancen bakin kasuwa ba ne kawai. A binciken ƙarkon motoci na J.D. Power na 2023, wanda ke tambayar masu motoci a Amurka irin matsalolin da suka fuskanta bayan shekara uku, Lexus ce ta zo ta ɗaya, Land Rover ta zo ta ƙarshe. Adalci dai shi ne a faɗi cewa motocin 2020 aka auna, wato kafin fitowar waɗannan biyun. Amma suna ba ya goguwa da fitowar sabon zubi, kuma da shi kasuwa take yanke farashi.

LX 600 ba LX 570 ba ce

Duk da haka, wanda zai sayi LX 600 saboda labarin da ya ji na 570 ya dakata. Tsohon injin ba shi da turbo, ba shi da tsirfa, yana haƙuri da jinkirin juyen baƙin mai da man da bai cika kyau ba. Sabon ba haka yake ba. Turbo yana son baƙin mai nagari, a kan lokaci, irin wanda kamfani ya ƙayyade, ba wanda yaron gareji ya ga dama ya sayo ba. Haka nan duka motocin biyu fetur mai inganci aka tsara musu, alhali a gidajen manmu iri ɗaya ake sayarwa, kuma ba a manta da gurɓataccen fetur mai sinadarin methanol da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022 ya lalata injinan jama'a ba.

Sannan a Mayun 2024 Toyota ta yi kiran dawo da motoci kusan 102,000 a Amurka, mafi yawansu samfurin Tundra, tare da wasu LX 600 na 2022 da 2023, saboda ɓarɓashin ƙarfe da ya rage a cikin inji tun daga masana'anta, wanda kan iya kashe mota tana cikin tafiya. Daga baya kamfanin ya yanke shawarar sauya injinan kyauta. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin da yawa daga cikin motocin da ke filayen dillalanmu daga Amurka aka shigo da su. Wadda ta baro can kafin a gyara ta, da matsalarta ta iso. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 ita ce za ta tona asiri: da ita ake gano ko motar tana cikin waɗanda aka kira, ko an yi mata aikin, ko ta taɓa yin haɗari, ko ruwa ya taɓa cinye ta aka yi gwanjonta. Mai sayen Range kuma ya ƙara da duba ko asalinta ta Ingila ce mai sitiyari a dama aka juya shi. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma motar da wayoyi da na'urori suka cika ta haka ba ta yafe wa wanda ya farke mata gaba.

Kuɗin da ba a rubuta a gilashi ba

Lokacin da suka fito a Amurka, LX 600 ta fara daga kusan dala 87,000, Range kuma daga sama da dala 100,000, kuma kowace tana hawa sosai gwargwadon kayan da aka ƙara mata. Kafin su iso nan, kuɗin jirgi da na kwastan da ribar dillali sun hau, sannan ga darajar naira da ta zube tun da aka sake ta a Yunin 2023. Kowane kayan gyara da dala ake lissafa shi.

Wajen shan mai ba su da nisa da juna. A ma'aunin hukumomin Amurka, LX 600 da Range mai silinda takwas suna shan lita 12 zuwa 13 a kowace kilomita 100. Zuwa Kano daga Abuja da dawowa ya kusa lita 100 ke nan, kafin a sa na'urar sanyi da cunkoso da nauyin kaya a lissafi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, ko mai kuɗi ya fara kallon allurar tanki.

Babban bambancin yana ranar sayarwa. Mutanenmu ba sa rabuwa da mota sai sun yi lissafin abin da za ta dawo da shi, kuma a wannan fage dangin Land Cruiser ba su da na biyu. Gwamnatoci na so, kamfanoni na so, 'yan siyasa na so. Ko a 2023, da aka yi ta ce-ce-ku-ce kan manyan motocin Toyota da 'yan majalisar tarayya suka saya wa kansu, hujjar da suka kare kansu da ita ita ce lalacewar hanyoyi da ƙarkon motocin. Mai LX idan ya buƙaci kuɗi da gaggawa, waya biyu ko uku ta isa. Tsohuwar Range kuwa farashinta yana faɗuwa da sauri, domin mai saye na biyu ya san garanti ya ƙare kuma gyara ya zama nasa. Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida, kuma a kasuwar motocin Arewa, nagari shi ne wanda gobe wani zai karɓa ba tare da dogon ciniki ba.

Akwai kuma batun tsaro, wanda ba ya cikin takardar talla amma yana cikin zuciyar duk mai bin manyan hanyoyinmu. Dukansu suna jan ido, kuma babu wadda za ta ɓoye arzikin mai ita. Sai dai mutuwar mota a tsakiyar daji yanzu ba ɓata lokaci ba ne kawai. Masu son a yi wa motarsu sulke ma sun fi karkata ga Land Cruiser da LX, saboda shasin ƙarfe ya fi ɗaukar ƙarin nauyin, kodayake wannan sai da izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro.

To, wace za a ɗauka?

Wanda rayuwarsa take tsakanin Maitama da filin jirgi, ko Ikoyi da Victoria Island, yana da wasu motocin a gida, yana kusa da gareji mai kayan aiki, kuma yana son manyan 'ya'yansa su zauna a baya cikin walwala, doguwar Range Rover za ta ba shi jin daɗin da Lexus ba za ta iya ba. Ya saye ta sabuwa da garanti, ya kuma shirya rabuwa da ita kafin garantin ya ƙare.

Wanda kuma motar ce za ta kai shi ta'aziyya Gumel yau, gobe gona a Saminaka, jibi biki a Maraɗi, kuma yana so bayan shekara biyar ya sayar ya ga kuɗinsa, LX 600 ce tasa, muddin ya binciki lambar shasinta kuma ya ɗauki sabis da muhimmanci. Idan ma sunan Lexus bai dame shi ba, Land Cruiser 300 tana nan da ƙashi iri ɗaya a farashi mai sauƙi.

Kafin a biya ko sisi, a je filin da mutanen da za su shiga motar. A sa wanda ya fi kowa tsawo a layi na uku, a rufe ƙofa, a zaga da shi na rabin sa'a a kan hanya mara kyau. A ɗauko akwatunan da aka saba tafiya da su a gwada but. Sannan a kira makanikin da zai riƙa duba ta, a tambaye shi ko ya taɓa buɗe irinta, da kuma kwana nawa kayanta suke yi kafin su iso. Idan ya fara inda-inda, ba motarka ba ce, komai kyanta.